Kiɗan Jan-baki a Gonar Maman Ladi

Ku samarin da kuke zama a bencin ƙofar shagona da la'asar, kun daɗe kuna tsokanata a kan baƙin akwatin nan da ke kan kanta, mai gefen katako da mamurɗai birjik a fuska. Shekaranjiya Nazifi, mai haɗa wa mawaƙan unguwa kiɗa a wayarsa, ya dube shi ya ce, "Baba, wannan ai gawa ce ka ƙi binnewa. Kafin ka gama kunna ta na gama waƙa guda." Na taya ku dariya, don ta wani gefen gaskiya ya faɗa. Amma tunda kun ɗauka sana'ar sauti danne-danne ce kawai, bari in rubuta muku yadda na same ta, da wani aiki da na yi da ita a nan Kura wanda ba ya cikin abin da aka koya mini.

Gyaran rediyo na fara koya a Sabon Gari, wajen wani Bayarabe mai faɗa, inda na daɗe ba a ba ni komai sai tsintsiya da riƙon ƙarfen narka dalma. Daga nan na bi wata ƙungiyar makaɗa zuwa Ikko ina ɗaukar musu lasifika da ɗaurin waya. Su suka kai ni Duwala, suka yi faɗa suka watse a can, suka bar ni da jakata. A Duwala na haɗu da Pa Etiyen, wani tsoho mai shago a bayan tashar jirgin ruwa, shi ne ubangidana na gaskiya. Ranar da na fara aiki a wurinsa wani mai kiɗa a otal ya kawo irin akwatin nan, sintasaiza ake ce masa, yana kuka da shi cewa da zarar wasa ya yi nisa sai muryarsa ta riƙa hawa, mawaƙiya ta yi ta binsa har maƙogwaronta ya gaza. Na ɗauko sukundireba zan kwance. Pa Etiyen ya buge mini hannu. Ya kunna akwatin, ya ɗora dutse a kan maɓalli guda, ya jawo kujera ya ce in zauna. Muka zauna har shayinsa ya huce, amo guda yana ta fita, sai kunnena ya fara jin amon yana gusawa a hankali kamar inuwar bango. Ya ce da ni da Faransanci, "Yanzu ka ga ciwon. Kwancewa kuwa kowane jaki ya iya."

Abin da ke haifar da amo a cikin akwatin shi ake kira osileta. Kada sunan ya ba ku tsoro, jigo ne. Waɗanda suka yi noman rani kafin kanal ya zo sun san jigo: guga ya cika, a ɗaga, a juye, ya koma ya cika. A cikin akwatin akwai wani ɗan abu, kafasita, da lantarki ke cikawa a hankali. In ya kai baki sai taransista ta buɗe ta zubar da shi gaba ɗaya, ya sake farawa. In cikar da juyewar suna tafiya sannu, ƙwas-ƙwas kawai za ka ji a lasifika. In suka yi saurin da kunne ba zai iya rarrabewa ba, sai su haɗe su zama amo guda. Ka ƙara wa jigon ruwa ya riƙa cika da wuri, murya ta yi sama. Ka rage masa, ta yi ƙasa. Maɓallan fiyanon da kuke gani aikinsu ke nan, kowanne da yawan lantarkin da yake sakar wa jigon.

Yadda gugan ke cika da yadda yake zubewa su ne launin muryar. Pa Etiyen yana da wata na'ura mai koriyar fuska da ke zana sauti, a kanta ya nuna mini. In ya cika a hankali ya zube farat ɗaya, zanen kan fito kamar haƙoran zarto, muryar kuma mai kaushi ce, dangin algaita da goge. In ya hau a hankali ya sauka a hankali kamar kunyoyin gona, sai ta fito da laushi irin na sarewa. In kuwa buɗe-rufe ake yi, ba hawa ba gangara, za ka ji ta da rami a ciki kamar ana hura bakin kwalba. Daga nan muryar kan bi ta rariya. Ka matse rariyar, ƙaiƙayin ya tsaya, muryar ta yi duhu. Ka sake ta, ta yi haske tana cizon kunne. Bayan rariya sai ƙofa. Ƙofar da ta buɗe farat ta rufe nan take ganga take bayarwa, wadda ta buɗe a hankali kuwa kamar an ja izga a kan goge.

Akwai wani abu kuma a ciki wanda ba amo ba ne. Ku murɗa rediyo tsakanin tasha da tasha, wannan shuuu ɗin da kuke ji. A Duwala sufil suke ce masa, wato numfashi. A Hartum, inda na zauna daga baya ina yi wa makaɗan biki gyara, washwasha suke cewa, kamar raɗar mutane da yawa. Mu a Sabon Gari yayyafi muke ce masa, kuma duk yawona ban ji sunan da ya fi namu dacewa ba: ɗigo ba iyaka a kan kwano, babu wanda ya san inda na gaba zai faɗi. Osileta maimaici ne tsantsa, yayyafi kuwa ba ya maimaita kansa. Masu ƙera sintasaiza da gangan suke sa shi. Taransista suke juyawa, su yanke mata ƙafa guda, su matsa mata lantarki ta baya har ta fara huci. Da wannan hucin ake yin iska da teku da tsawa.

Amma a wajenmu masu gyara, yayyafi in ya fito inda ba a gayyace shi ba abokin gaba ne. Taransistar da ta cika huci cire ta ake yi. Pa Etiyen ba ya jefarwa, a gwangwanin madara yake tara su, ni ma na gaji al'adar ban tambayi dalili ba. Abokin gaba na biyu zafi ne, shi ke sa murya gusawa kamar ta akwatin mutumin otal ɗin. Maganinsa wani ɗan abu ne mai jin zafi da ake mannawa a jikin taransista, in ta ɗauki zafi ya ja mata linzami. A kan waɗannan biyun na ƙarar da ƙuruciyata, in hana murya gusawa, in hana huci shiga. Na yi wa mutumin Abijan aiki, shi ƙasan murya yake so mai girgiza ƙirji. Na Hartum yana son ta siririya tana lanƙwasa. Na Jidda yakan sa in sauke wasu maɓallai kaɗan ƙasa da inda Bature ya ajiye su, don a nan waƙarsu take zaune. Kowa da abin da kunnensa ya saba, amma babu wanda ya taɓa ce mini in bar masa akwati yana yin abin da ya ga dama.

Na dawo gida da furfura na buɗe shagon nan. Rediyo da kaset da lasifikun masallatai da na coci suka riƙe ni shekara da shekaru. Sai shekarar da waya mai memori ta cika gari, kaset ya mutu, aka kuma shigo da fiyano mai araha wadda allo guda ne a cikinta, in ta lalace a yar a sayi wata. Rani guda cur ƙarfen dalmata yana sanyi. Har na fara tambayar yadda ake kafa teburin cajin waya. Cikin wannan ranin ne, bazara ta kama sosai, Maman Ladi ta zo.

Sunanta Rifkatu, mutuniyar Filato ce, sun daɗe a nan ita da mijinta Bulus. Na san ta ne ta wajen fiyanon cocinsu, ita ke jan waƙa, ita kuma ke fara gane in maɓalli ya fara ƙarya. Da safe tana sayar da shinkafa da wake a bakin injin casa, shi kuma Bulus yana noman fili na haya a hanyar Bunkure. A shekarar sun zuba duk ƙarfinsu a shinkafar rani, sai babur ya kayar da Bulus, yana kwance ƙafa a ɗaure.

Ta gaishe ni ta zauna a bencin nan naku. Ta ce, "Baba, jan-baki sun sauka."

Ku da aka haifa a nan kun san abin da wannan magana take nufi. Shinkafa ta fitar da kai, ƙwayar tana ruwan madara, lokacin ne tsuntsayen nan ke zuwa kamar hayaƙi, su matse ƙwayar su tsotse, su bar maka kai fari fat a tsaye.

Na ce, "Masu kora fa?"

Ta ce, "Manyan gonaki sun kwashe su. Ni in na bar tukunya ba mu ci ba. In na je ma, ina wannan gefe suna wancan. Mutane suna ta ce mini in cire Ladi daga makaranta ta zauna a rumfar gona tana kora. Baba, jarrabawar fita za ta fara. In na cire ta yanzu, shekarun nan duka sun tafi a banza. In ban cire ta ba, shinkafa ta tafi." Ta nuna baƙin akwatin da haɓa. "Ranar da ka gwada wancan abin naka har kajin maƙwabta sai da suka watse. Ba za ka iya yi mini wani ƙarami ba, mai ihu shi kaɗai?"

Na ce zan iya. A raina ma na raina aikin.

Osileta biyu na haɗa a cikin tsohon gidan rediyo, ɗaya mai haƙoran zarto, ɗaya mai tafiyar hawainiya tana ɗaga ta farkon tana sauke ta, wiii-wuuu, kamar jiniya. Na sa ƙofa mai buɗewa da rufewa a kan ƙa'ida. Da yake na san ranar bazara, na manna wa taransistocin linzaminsu, na gwada akwatin a rana na gwada a inuwa, murya ba ta gusa ko kaɗan ba. Na tace hucin tas. Aiki ne da Pa Etiyen zai gani ya gyaɗa kai. Muka ɗora shi a Keke mai ƙafa uku tare da batirin babur da ɗan farantin sola da tsohuwar lasifika mai baki irin ta masu tallar magani a kasuwa, muka kafa a gora a tsakiyar gonar. Da na kunna, gonar ta tashi gaba ɗaya, sama ta yi duhu, suka yi gabas. Maman Ladi ta ɗaga hannu tana yabon Ubangiji. Na koma shago ina ganin na gama.

Bayan kwana kaɗan sai ga ta da hantsi, ko zama ba ta yi ba. "Baba, taso ka ga ikon Allah."

Na tarar akwatina yana ta wiii-wuuu, daidai yadda na bar shi, murya tsaf. Jan-baki kuwa sun cika gonar suna ci. Wasu sun jeru a kan bakin lasifikar kanta, in ta yi ihu su ɗan ɗaga fiffike, in ta yi shiru su gyara zama.

Daga gonar da ke maƙwabtaka wani ya ƙyalƙyale da dariya. Malam Iro ne, tsohon manomi ɗan Bunkure, sa'ana, tare muka yi kiwon awaki muna yara. Yana zaune a rumfarsa riƙe da igiyar da ya ratsa gonarsa da ita, gwangwanaye masu tsakuwa suna reto a jiki.

Ya ce, "Na-Duwala, an ce ka kori tsuntsu, sai ka buɗe musu gidan biki? Ga abinci ga kiɗa. Jiya har na ga wani yana rawa."

Na ce, "Kai dai ja gwangwaninka, abin da ka iya ke nan."

Ya ce, "Shi na iya. Dubi gonata ka dubi taku."

Na duba. Tasa akwai ɓarna a gefe-gefe, amma kawunan shinkafar sun sunkuya da nauyi. Tamu kuwa kawunan ɓangaren yamma sun fara yin fari.

Maman Ladi ba ta yi dariya ba. Ta ce, "Baba, ka yi iya ƙoƙarinka, Allah ya saka. Ran Litinin Ladi za ta zo gona."

Na ce ta tafi wajen tukunyarta, ni zan tsaya. Na hau rumfar Malam Iro na zauna kusa da shi, na yi abin da ubangidana ya koya mini ranar farko, wato na rufe bakina na saurara. Ya ja igiya, kacau. Ya yi shiru har na ɗauka ya yi gyangyaɗi. Can ya ja sau biyu a jere, ya kurma ihu. Ya sake yin shiru. Ya ɗauko bulalarsa ta igiya ya kaɗa, tas, kamar bindiga. Tsuntsaye suka taso za su sauka, na zaci zai ja, bai ja ba, sai da suka taɓa shinkafar sannan ya girgiza gonar duka. Kunnena ya saba kamo ƙa'idar kiɗa, na kamo ta makaɗan ƙasashe da dama, amma ta Malam Iro na neme ta na rasa.

Na ce, "Iro, wai yaushe kake ja?"

Ya dube ni kamar na tambaye shi yaushe yake atishawa. Ya ce, "Ni ma ban sani ba. Ai in na sani, su ma sun sani."

A nan na gane inda na yi kuskure, kuma kuskure ne da sai wanda ya ƙware a sana'ata zai yi shi. Tsuntsu ba ƙara yake tsoro ba, ai a kusa da injin casa ma yana kiwo. Bazata yake tsoro. Ni kuwa na kawo masa osileta, abin da duk darajarsa ita ce ya san abin da zai yi gaba, na kuma ɗaure ta da linzami don kada ta kuskure. Abu guda ne a sana'ata bai san abin da zai yi gaba ba, shi ne wanda na saba cirewa in jefa a gwangwani.

Na kwance akwatin na dawo da shi shago. Na zazzage gwangwanin madarar a kan tebur, na riƙa ɗaukar taransistocin ɗaya bayan ɗaya ina juya su ina saurare. Wata hucinta siriri, wata tana yi tana ɗaukewa. Na zaɓi wadda ta fi kowacce rashin kunya, mai huci kamar an zuba ruwa a tafasasshen mai. Na yi mata wani ɗan haɗin wayoyi da ke kai hannu cikin yayyafin ya damƙo abin da ya samu ya riƙe, kamar mai ɗiban hatsi a buhu ido a rufe. Abin da ya damƙo shi zai faɗa wa osileta inda muryarta za ta tsaya, ya faɗa wa rariya yadda za ta buɗe, ya faɗa wa ƙofa tsawon shirun da za ta yi kafin ta sake buɗewa. Na kuma bar yayyafin kansa ya riƙa fita. In ƙofa ta buɗe masa farat ta rufe, bulala ce. In ya bi ta matsattsiyar rariya, tsawa ce daga nesa. Haƙoran zarto in suka yi can sama suka gangaro, kamar kukan shaho. Daga ƙarshe na ɓamɓare linzamin da na manna, don rana ma ta sa hannunta. Hannuna ya yi nauyi a wajen nan, ba zan ɓoye muku ba, don ban taɓa sakin aiki a haka ba.

Ran Lahadi bayan sun taso daga coci muka mayar da shi. Na kunna. Shiru. Tsuntsaye suna ta ci.

Maman Ladi ta ce, "Baba, ya mutu."

Na ce, "Bai mutu ba."

"To me yake jira?"

"Ni ma ban sani ba."

Ta dube ni, ta dubi Malam Iro da ya matso bakin iyaka da kwanon furarsa yana shirin wata dariyar. Ya buɗe baki ke nan sai akwatin ya yi tas! Kwanon ya kife a ƙafarsa, ya ce, "Innalillahi!" Gonar ta tashi. Kafin su juyo ya yi gurnani, ya yi shiru, ya yi kukan shaho, ya sake yin wani dogon shiru.

Malam Iro yana share fura daga wandonsa ya ce, "To, wannan kam mahaukaci ne. Wannan zai yi."

Maman Ladi ta ce a bar Ladi ta je makaranta ran Litinin, a ga abin da hali zai yi.

Na san abin da za ku ce, na ji shi a bakin Nazifi: a ɗauki ƙarar bindiga a waya a sa a memori. An yi, na gani a gonaki da dama. Abin da aka ɗauka zagayowa yake yi, in ya zagayo ya zama wiii-wuuu ɗina. Ban ce ba za a iya koya wa waya bazata ba, ku kun fi ni sanin cikinta. Amma sai ka san bazata kake nema kafin ka tambaye ta, wannan kuwa ba a maɓalli yake ba.

Ba a nan maganar ta ƙare ba. Tsuntsun da ka kora ba gida yake tafiya ba, gonar kusa yake faɗawa. Ana cikin makon sai ga Malam Iro a wajen tukunyar Maman Ladi, ni ma ina wurin ina karyawa. Fuskarsa ba wasa.

Ya ce, "Maman Ladi, maƙwabtakar ke nan? Kin yi baƙi, kin turo mini su ci a gidana? Hannuna har ya kumbura da jan igiya."

Ta ajiye ludayi. Na ga ta tsorata, don wanda yake noman haya a garin da ba nasa ba ya san abin da ƙarar maƙwabci ke jawowa wajen mai fili. Ta ce, "Malam, ka yi haƙuri, ban yi don in cuce ka ba. In ka ce a kashe, a kashe."

Ya ce, "Wa ya ce a kashe? A kashe su dawo su cinye mu duka? Cewa na yi wannan mahaukacin naku ba a tsakiyar gonarki ya kamata ya zauna ba. A iyaka zai zauna." Ya juyo gare ni. "Kai kuma Na-Duwala, ka ƙara masa baki ɗaya ya dubi wajena. Kuma kada a bar shi wuri guda, tsuntsu yana gane wuri kamar yadda yake gane murya. Ni zan riƙa ciccira gorar, tunda ina wurin. In na ga sun taru a ƙuryarki ta kanal in jefa musu majajjawa."

Ta ce, "Malam, da me zan biya ka?"

Ya ce, "Zuba mini wake, ki daina tsamo mini na sama-sama kamar baƙo."

Haka aka yi. Na ƙara lasifika ta biyu da doguwar waya. Malam Iro yana matsar da gorar yadda ransa ya ba shi, wani lokaci da safe, wani lokaci sai la'asar. Maman Ladi tana zuwa in ta sauke tukunya. Ni ma na riƙa leƙawa ina goge farantin sola ina duba batir, tunda ba wani aiki ke jirana a shago ba. Ba zan ce muku akwatin ya kori jan-baki duka ba. Ɓangaren yamma da suka fara ci ya riga ya tafi, ƙuryar kanal ma sun yi mata illa, kuma wajen ƙarshe na lura masu ƙarfin hali sun fara raina ko da mahaukacin. Amma a lokacin ƙwayar ta yi tauri, ta fi ƙarfin matsewa. Abin da ake nema daman ke nan, a riƙe su har shinkafa ta wuce madara.

Ranar yanka na je kwance kayana. An shimfiɗa tamfol, masu lauje sun yi nisa, ana bugun dami a jikin duro. An kawo Bulus a Keke ya zauna a inuwa da sandarsa yana ba da umarnin da ba wanda yake bi. Ladi ta gama jarrabawarta, tana can tana sheƙa tare da uwarta, ƙaiƙayi ya rufe mata gira. Buhunan ba su kai yadda suka yi fata ba, amma sun isa a sallami mai fili, a ci, a ajiye iri.

Da aka kwashe damin ƙarshe, jan-baki suka taru a kan bishiyoyin bakin kanal suna kallo. Wasu suka sauko kan ƙwayar da ta zube a tsakanin kututture. Akwatin, da ba wanda ya gaya masa an gama, ya yi tas, suka tashi.

Maman Ladi ta miƙe daga sheƙar, ta riƙe ƙugu tana kallonsu suna kewaya filin da ba komai a cikinsa sai kara. Ta ce, "Baba, kashe shi haka nan."

Malam Iro ya ce, "Yanzu kuma tausayinsu kike ji? Ɓarayin da suka so tashinki?"

Ta ce, "Namu ya shiga buhu, Malam. Abin da ya zube kala ne. A garinmu ba a hana kala."

Ya ce, "A nan ma ba a hanawa."

Na zare wayar daga batir. Suka sauko.